Ƙasar Sudan: Kogin Nilu, Auduga da Mulkin Soja

Idan muka buɗe tsohuwar taswirar Afirka da ke rataye a ajinmu, za mu ga Sudan ce ta fi kowace ƙasa girma. Yanzu ba haka ba ne. A watan Yuli na 2011 kudancin ƙasar ya ɓalle ya zama Sudan ta Kudu, sai Sudan ta koma ta uku, bayan Aljeriya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Tana iyaka da ƙasashe bakwai, cikinsu har da Masar da Habasha da Cadi, kuma tana da gaɓa a Bahar Maliya. Yawancin mutanenta Musulmi ne, Larabci ne harshen kasuwa da na gwamnati, ko da yake akwai wasu harsuna da yawa.

Arewacin ƙasar hamada ne, saboda haka rayuwa ta dogara ga Kogin Nilu. Farin Nilu yana tahowa daga wajen Tafkin Victoria, Shuɗin Nilu kuma yana gangarowa daga Tafkin Tana na Habasha, su haɗu a Hartum, babban birnin ƙasar. Filin da ke tsakanin kogunan nan biyu shi ake kira Jazira, wato tsibiri. A 1925 Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa a Sennar, aka ja ruwa ta hanyoyi zuwa gonakin Jazira domin a noma audugar da masaƙun Ingila suke bukata. Shekaru da yawa auduga ce ta riƙe ƙasar.

A nan ne labarin ya shafe mu. Tun da daɗewa alhazai daga ƙasar Hausa da Barno suke ratsa Sudan a ƙasa za su Makka, wasu guzuri ya ƙare musu, suka tsaya ƙwadago a gonakin auduga, suka yi aure, suka zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903 kuma, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'arsa zuwa bakin Shuɗin Nilu. Garin da suka kafa kusa da Sennar yana ɗauke da sunansa har yau, kuma ana jin Hausa a kasuwannin wannan yanki.

Ban da auduga, Sudan tana noma dawa da riɗi da gyaɗa, tana da dabbobi masu yawa. Ƙaron nan da muke ɓamɓara a jikin itace muna yara, babu ƙasar da ta kai Sudan fitar da shi, kuma da shi ake haɗa lemon kwalba da magunguna. A 1999 aka fara sayar da man fetur waje, kuɗi ya shigo, aka yi sakaci da gona. Da Kudu ta tafi, ta tafi da wajen kashi uku cikin huɗu na man. Sai aka koma haƙar zinariya.

Wajen mulki fa, abin sai haƙuri. Sudan ta sami 'yancin kai ran 1 ga Janairu 1956, amma soja sun ƙwace mulki a 1958 da 1969, sa'an nan Umar al-Bashir ya karɓe a 1989 ya zauna shekara talatin. A ganinmu babbar matsalar ita ce, mulki da dukiya sun taru a hannun mutanen bakin kogi, an bar irin su Darfur a baya. Zanga-zangar da tsadar burodi ta tayar ita ta kai ga tumɓuke al-Bashir a 2019. An kafa gwamnatin haɗin gwiwa ta soja da farar hula, soja suka rushe ta a 2021.

Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan ƙasa na Janar Burhan da dakarun RSF na Janar Dagalo, waɗanda dā tare suke mulki. Fiye da mutum miliyan goma sun bar gidajensu. A 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam na Darfur. Wad Madani, babban garin Jazira, ya faɗa hannun RSF a Disamba 2023, soja ba su ƙwato shi ba sai a Janairu 2025.