Kafin Ka Cike Kiriminoloji a Fom Ɗin JAMB

Yaron da ya tashi a unguwar Shahuci ta Kano bai rasa ganin harkar shari'a ba. Ga kotu a unguwa, ga gidan yarin Kurmawa nan kusa, kuma a Shahucin aka buɗe makarantar horar da alƙalai a 1928, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Don haka idan ɗan unguwar ya ce zai karanci kiriminoloji, wato nazarin aikata laifuka da sha'anin tsaro, ba za a yi mamaki ba. Sai dai, ɗalibi, tun kafin ka sayi fom ka san irin aikin da kake hari, domin da yawa sai a aji uku suke gane ba nan suka nufa ba.

Wannan digiri ba ya mai da mutum lauya. Idan burinka ka tsaya gaban alƙali kana kare wani, karatun lauya za ka nema: shekara 5 a jami'a, sannan Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda. Haka kuma ba ya ɗinka maka kaki. Mai son zama jami'in ɗan sanda kai tsaye ya dubi Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil, inda ake haɗa digiri da horo, a fito da muƙamin ASP. Tana da iyakar shekaru, don haka da ƙuruciya ake nemanta.

To me ake koya a kiriminoloji? Reshe ne na ilimin zamantakewa, shekara 4 ake yi. Za ka karanci dalilan da ke jefa mutum cikin laifi, yadda 'yan sanda da kotu da gidan gyaran hali suke aiki tare, halin da wanda aka zalunta ke shiga, da dabarun bincike. Akwai ƙididdiga a ciki, kuma a nan masu gudun lissafi ke shan wuya. Tun yanzu ka tabbata kana da kiredit 5, har da Turanci da Lissafi.

Kusa da gida, Jami'ar Tarayya ta Dutse na koyar da shi, haka ma jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda ke da cibiya a Kano. Wannan ta biyun ta fi dacewa da wanda ya riga ya kama aiki, ko ɗan kasuwar da ba zai iya rufe rumfarsa a kasuwar Kurmi ba. Ko'ina ka zaɓa, ka fara bincika ko hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta amince da kwas ɗin a can.

Batun aiki kuwa, gara a gaya maka gaskiya. Hukumomin NDLEA, EFCC, Sibil Difens, shige da fice da gidajen gyaran hali suna ɗaukar masu digiri iri-iri, har da na tarihi da kimiyya. Takardarka kaɗai ba za ta fifita ka ba, sai abin da ka haɗa da ita. Ka iya kwamfuta sosai, domin zamba ta koma waya da intanet. Ka iya rubuta rahoto mai tsabta da Turanci da Hausa. Sau nawa bayani mara kan gado ya ɓata shari'a mai kyau? Ka karanta dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, da ta Jihar Kano ta 2019, da dokar 2019 da ta sauya gidajen yari zuwa na gyaran hali.

A ganina babbar damarka ita ce unguwarka. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a, ka riƙa shiga lokacin hutu kana saurare, ka ga yadda ake ba da beli da yadda ake ɗage shari'a. Idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, kada ka kwafi na wani. Ga faɗan daba, ga ƙwacen waya, ga shaye-shaye, ga masu jiran shari'a da suka fi yawa a gidajen yarinmu. Mai unguwa da 'yan sintiri za su buɗe maka baki fiye da yadda za su yi wa baƙo.

Iyaye, kada ku hana 'ya'ya mata wannan karatu. Mata da yaran da aka ci zarafinsu sun fi sakin jiki da jami'a mace, kuma ana buƙatar irin waɗannan jami'ai ƙwarai a Kano.