Darasi a Kan Audugar Bt da Hukuncin Canza Ƙwayar Halitta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, darasinmu na bana ya shafi gonakinmu ne. Mu a Doka cinmu da suturarmu daga dawa da riɗi da auduga suke, ga shi kuma ana ta maganar "audugar Sin". To, mece ce ita?

A cikin kowace ƙwayar halitta, ta mutum ko dabba ko tsiro, akwai wani siririn zare mai suna DNA. Shi ke ɗauke da siffofin da ake gado. Watson da Crick ne suka bayyana sifarsa a 1953, a Ingila. Daga baya masana suka iya yanko guntun zaren daga wata halitta su dasa a wata. Wannan shi Larabawa ke kira handasa wirasiyya.

Akwai wata ƙwayar bakteriya a cikin ƙasa, sunanta a taƙaice Bt, mai fitar da sinadarin da ke kashe wasu tsutsotsi. Sai aka dasa wa auduga wannan siffa. Idan tsutsar da ke huda ƙwallon auduga ta ci, hanjinta ya lalace, ta mutu. Sudan ta amince da noman wannan iri a 2012, aka fara da wanda ya zo daga Sin. A Najeriya ma, cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, ta fitar da waken Bt a 2019.

Amfaninsa a fili yake: feshi ya ragu, kuɗin magani ya ragu, masu aiki sun huta da shaƙar guba. Amma fa a kula da abu uku. Na ɗaya, ba ya kashe ƙwarin da ke tsotsar ruwan ganye, irin su farin ƙuda, don haka duba gona bai faɗi ba. Na biyu, tsutsa tana sabawa, kamar yadda ya faru a Indiya. Shi ya sa ake shuka 'yan kunyoyin audugar gida a gefe, don tsutsar da ba ta saba ba ta wanzu, ta gauraya da wadda ta saba. Na uku, Burkina Faso ta daina nomansa a 2016 saboda zaren ya gajarce, daraja ta faɗi a kasuwa. Ashe yawan buhu kaɗai ba shi ne riba ba.

Me malamai suka ce? Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1998, ta halatta wannan aiki a kan tsiro da dabba, da sharaɗin a kiyaye cutar da mutum ko dabba ko muhalli, kuma a bayyana wa mai saye abin da ke cikin kayan. Ta hana wasa da halittar ɗan Adam da sunan gyaran zuriya. A 2002 kuma ta yarda a yi amfani da gwajin DNA wajen binciken laifi da gano jariran da suka cakuɗe a asibiti, amma ta ce ba a gabatar da shi a kan li'ani wajen kore nasaba.

Nasiharmu ga iyayenmu manoma: kada a sayi irin da ba a san asalinsa ba don arha. A tambayi malamin gona sunan iri da tsawon zarensa kafin damina. Mai sayarwa kuma ya ji tsoron Allah, domin ɓoye aibin kaya algus ne.

Allah ne Mafi sani. Allah ya sa albarka a gonakinmu da karatunmu, amin.