Darasi: Hakkinmu a Kan Matasa Masu Ciwon Daji

Karatu: Yohanna 9:1-7; Yaƙub 5:13-16

A shekara ta 1992 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya keɓe ranar 11 ga Fabrairu ta zama Ranar Marasa Lafiya ta Duniya. Darasinmu ya shafi waɗansu marasa lafiya da ba mu cika tunawa da su ba, wato samari da 'yammata masu ciwon daji, a Malikanchi da sauran ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan.

1. Mene ne ciwon daji?

Ciwon daji, ko sankara, yakan faru sa'ad da waɗansu ƙwayoyin halittar jiki suka yi ta yaɗuwa ba tsayawa. A wurin matasa an fi ganin na jini, da na kaluluwa, da na ƙashi. Ba a ɗaukarsa ta wurin cin abinci tare ko gaisuwa. Ba sammu ba ne, ba kuwa horon Allah ba. A karatunmu na fari almajirai sun nemi wanda za a ɗora wa laifin makantar wani mutum, amma Ubangiji ya kawar da zancen laifi, ya warkar da shi.

2. Kada a yi jinkiri

Ƙullutun da ya ƙi bajewa, ciwon ƙashi mai hana barci, rama ba dalili, zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ko yawan zubar jini, duk suna bukatar likita. Akwai masu cewa daji ba ya son allura. Wannan magana ta sa an ɓoye yara da yawa a ɗaka har ciwo ya ci ƙarfinsu. A fara da asibiti mafi kusa. In an tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda akwai sashen masu wannan ciwo, ku tafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3. Nauyin da ke kan matashi

Maganin da ake ɗurawa ta jijiya akan ba da shi zango-zango, watanni da dama. Yakan kawo amai da kasala da zubewar gashi, amma gashin yakan sake tsirowa. Dattijo ya riga ya ga jikokinsa. Matashi kuwa yana tunanin jarrabawar da ta wuce shi, da baikon da ke rawa, da ko zai haihu nan gaba. A bar shi ya yi wa likita waɗannan tambayoyi da bakinsa. A kuma faɗa masa gaskiya cikin hikima, gama raɗar da yake ji a bayan ƙofa ta fi gaskiyar ba shi tsoro.

4. Aikin ikilisiya

Babban hatsari shi ne a yanke magani a tsakiya domin kuɗin mota da na asibiti sun ƙare. Kowace majami'a tana iya ware buhun masara ko kuɗin rake lokacin kaka domin wannan. Matasa masu lafiya su ba da jini, su riƙa ziyara, su kai wa ɗan'uwansu darussan makaranta. Wanda ke mura ya dakata tukuna, gama maganin yakan rage ƙarfin jiki. Zumuntar Mata su karɓi uwa mai jinya ta huta. Katikis ya sanar da Fada da wuri: Shafewar Marasa Lafiya sakramenti ne na ƙarfafa mai ciwo mai tsanani, ba sai an ga alamar mutuwa ba, kuma ba ya hana shan magani.

Carlo Acutis na Italiya ya rasu da sankarar jini a 2006 yana da shekara 15. A 2025 Ikilisiya ta sa shi cikin waliyyai. Matasanmu masu ciwo suna da mai roƙo dominsu wanda ya san zafin abin.

Tambayoyi

(a) Wane matashi ne ya daina zuwa Misa saboda ciwo, wa kuma ya je duba shi?
(b) Me majami'armu za ta ware a kakar bana?

Addu'a: Ya Yesu mai warkarwa, ka ƙarfafa 'ya'yanmu masu ciwo, ka ba likitocinsu basira, ka hana mu gajiya da su. Amin.