Dakashi, Abincin Farko Na Maraƙi

Manomi, ka sani maraƙi yakan zo duniya jininsa ba shi da abin kare shi daga cuta. A cikin dakashi yake samunsa, wato nonon fari mai kauri. A ranar farko kaɗai hanjinsa ke iya shigar da wannan kariya cikin jini. Bayan awa 24, shi ke nan.

1. Ka tabbata ya sha ya ƙoshi kafin awa 6. In ya kasa tsayuwa, tatso ka ba shi da kwalba mai tsabta.
2. Kada ka surka da ruwa. Maiƙon dakashi ke ba shi ƙarfi da ɗumin jiki, musamman da hunturu.
3. Kwana ukun farko bar masa nonon uwarsa duka.

Maraƙin da ya rasa dakashi, sau da yawa zawo ke kashe shi.