Safar Damtse: Abin Yi da Abin Bari

Daga Malumfashi zuwa Funtuwa, da Ƙafur da Bakori da Danja, da damtse ake neman abinci. Mai tsinkar auduga, mai saran rake, mai walda, mai yankan kwano, yaron da ke ɗura masara a injin casa, yawancinsu hannu tsirara suke aiki, ko kuwa da tsohuwar safar ƙafa da aka yanke bakinta aka zura. Safar damtse ta zamani ta fi wannan nesa ba kusa ba. Ta yi sauƙin nauyi, tana barin iska ta shiga, tana da kafar babban yatsa da ke hana ta zamewa. Amma kowace da aikinta, kuma wadda aka sa ba a muhallinta ba tana iya nakasa mutum. Don haka, ɗan'uwa, saurara.

Ka san zaren kafin ka biya kuɗi. Akwai Kevlar, mai ruwan ɗorawa, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont na Amurka a 1965. Yana jure kaifi, yana jure zafi, ba ya narkewa. Akwai kuma farin zare ko mai ruwan toka, irin su Dyneema, wanda ya fi sanyi a fata, wuƙa ba ta cin sa da sauƙi, amma dangin roba ne, kafin zafi ya wuce digiri 150 ya narke.

Saboda haka kada mai walda ko maƙeri ya kusanci wuta da wannan farin zaren. Tartsatsi zai narkar da shi ya manne a tsoka, ƙunar ta fi ta hannu tsirara muni. Tasu ta fata ce ko ta Kevlar.

Ka duba tambari. Na Turai EN 388 ake rubutawa, kuma tun 2016 aka ƙara masa harafi daga A zuwa F mai nuna ƙarfin jure yanka. Na Amurka daga A1 zuwa A9 yake. Mai aikin kwano da gilashi ya nemi D ko sama. Safar da ba ta da tambari, komai kyawunta, ta kare rana ce kawai da ƙaiƙayin ganyen masara. Kada mai shago ya rantse maka ka yarda.

Kada kuma ka ɗauka abin da ke jure yanka yana jure suka. Saƙa ce, ƙusa da ƙaya da tsinin wuƙar mahauci suna ratsa ta.

Ga wadda na fi jin tsoro: kada ka sa safar damtse, ko safar hannu, ko riga mai faɗin hannu, a gaban injin da ke juyawa. Injin casa, injin niƙa, injin markaɗe, injin gurzar auduga, duk inda bel ke gudu ko ƙarfe ke juyi. Tsohuwar riga takan yage ta saki mutum. Wannan zaren an yi shi ne don kada ya tsinke, to idan bel ya kama bakinsa ba zai tsinke ba, zai ja hannun har kafaɗa. Ƙarfin da ka saya shi ne zai cuce ka. A gaban inji a naɗe hannun riga, a cire agogo da zobe, a mayar da murfin bel inda yake. Idan ɓawo ya toshe bakin injin, a kashe shi, a jira ya tsaya cak, sannan a zaƙulo da sanda. Lokacin kaka kowa na sauri a kai hatsi kasuwar Dandume, na sani, amma babu buhun masarar da ya kai yatsa ɗaya.

Mai feshi, kai ma naka daban ne. Kada ka goya injin feshi da safar saƙa ko ta fata. Suna shan maganin, su riƙe shi a jikin fatarka yini guda cikin gumi, guba kuwa ta fata ma tana shiga jini. Ka nemi doguwar safa ta roba, wadda ruwa ba ya ratsawa, marar auduga a ciki. Idan ƙasa kake fesawa, ciyawa ko wake, hannun riga ya rufe bakin safar, don abin da ya gangaro kada ya zuba ciki. Idan sama kake ɗaga hannu, kamar feshin mangwaro, safar ce za ta hau kan rigar. Ka fi kiyayewa lokacin haɗawa, nan maganin yake da cikakken ƙarfinsa, kuma kada ka taɓa dama shi da hannu. Maganin ciyawa na Paraquat dai hukumar NAFDAC ta haramta shi. Ko ka gan shi a kasuwa, wuce. In ka gama, wanke safar tana hannunka kafin ka cire, kuma kada kayan feshi su shiga wanki ɗaya da kayan iyali.

Kada a wanke Kevlar da bilic, yana kashe zaren. A shanya a inuwa. Wadda ta huje ko ta saki, a jefar, kada a ba yaron shago.

Maigida, sayen kariya naka ne. Dokar masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta samar da kayan kariya ga ma'aikatansa. Ko shagonka bai kai masana'anta ba, yaran nan amana iyayensu suka ba ka. Kada ka cire kuɗin safa daga ɗan abin da kake sallamarsu da shi, kuma ka fara sa taka su gani.

Idan tsautsayi ya faɗa, a danne ciwon da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko man birki, ko ruwan batir. A tafi asibiti nan take, a tambayi allurar tetanos.