Kafin damina ta kankama, ka duba rijiyarka

Ruwa ba ya tsami banza. Idan rijiya ta sauya ɗanɗano, ko yaran gida suka fara gudawa ɗaya bayan ɗaya da faɗuwar damina, a fara duba abin da ke shiga ƙasa a kusa da ita. Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba: jijiyar da ke cika rijiyarka tana iya ratsowa ta gefen shaddar maƙwabcinka.

Saboda haka, maigida, fara da tazara. Ƙa'idar da masu aikin tsaftar ruwa suka fi bi ita ce mita 30 tsakanin rijiya da shadda ko sokawe, kuma gindin ramin shadda ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. Rijiya ta kasance ta wajen tudu, shadda ta wajen gangare. A cikin gari, inda fili hamsin-hamsin kusan mita 15 ne kacal, wannan tazara ba ta samuwa a gida ɗaya. To ku zauna da maƙwabta kafin kowa ya sa diga, ku kira duba-gari ya nuna muku wuri. Rijiyar da ta riga ta matsu da shadda kuwa, a bar ta ga wanki da shara, kada a sha ruwanta sai an dafa.

Sai bakin rijiya. A ɗaga shi da bulo ya kai ƙugun babban mutum, a yi masa daɓen siminti a kewaye mai gangara waje, da 'yar kwata mai janye ruwa nesa. A sa murfi. Guga ɗaya tak, a rataye shi da igiyarsa, kada a yar a ƙasa inda kaji da awaki ke bi. Mai burtsatse shi ma ya tabbata an toshe wuyan bututun da siminti, domin ta nan ruwan sama ke silalewa da datti. Baƙin mai, ruwan rini, tsohon batir da ragowar maganin feshi, kada ɗayansu ya ga rami ko tsohuwar rijiya. Abin da ya nutse ƙasa yakan ɗauki shekaru bai fita ba, tafasawa kuma ba ta raba ruwa da irin wannan guba.

Idan ambaliya ta zo, kamar yadda ta faru a Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, shadda da kwata da rijiya duk sukan zama ruwa ɗaya. Duk rijiyar da ruwa ya haura bakinta, a ɗauka ta gurɓace ko da ta yi garai-garai. A kwashe ruwan, a yashe ta, sannan ma'aikatan lafiya ko na hukumar ruwa da tsafta ta karkara, RUWASSA, su zuba mata kulorin. Mai yasa kada ya sauka da injin janyo ruwa ko janareta a kunne, hayaƙinsu na kisa a cikin rami.

Uwargida, naki aikin yana bakin randa. Alif yana kwantar da laka ne, ba a dogara da shi wajen kashe ƙwayar cutar amai da gudawa. Ki bar ruwa ya tafasa sosai na minti ɗaya, ko ki sa maganin tsaftace ruwa irin WaterGuard ko Aquatabs yadda aka rubuta a jikinsu, ki jira minti 30. Randa a rufe, moɗa ɗaya mai mariƙi.

Akwai kuma aikin gayya. Kududdufan da muke cikewa da shara muna gini a kansu su ne ke riƙe ruwan sama, su rage ambaliya, su shayar da ƙasa a hankali. Ku kai maganar gaban mai unguwa, a yashe magudanai, a hana zuba shara da gini a kududdufi, tun hadari bai haɗu ba.