Kifi a Akwatin Gilashi, Ganye a Kan Tsakuwa: Darasi Kan Zagayen Naitirojin

Garin Mairuwa, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Faskari kusa da Funtuwa, ya yi suna ne saboda madatsar ruwansa. Daga nan ake ba Funtuwa ruwan sha, masunta na kama karfasa da tarwaɗa, masu noman rani kuma na shuka kayan lambu a gefenta. Duk wanda ya lura zai ga ciyawar bakin ruwa ta fi ta kan tudu duhun kore. Danshi na daga cikin dalilan haka, to amma akwai wani dalili na biyu, shi ne takin da halittun cikin ruwa ke zubarwa dare da rana. Wannan darasi zai nuna yadda za a shigo da wannan al'amari cikin aji, ta hanyar amfani da akwatin gilashi irin wanda ake ajiye kifin ado a ciki.

Abin da kifi ke zubarwa

Kowane tsiro yana bukatar sinadarin naitirojin domin gina ganye. Idan ya rasa shi, sai tsofaffin ganyensa su koma rawaya, kamar yadda ake gani a gonar masarar da ba ta sami taki ba. Abin mamaki shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke kewaye da tsiron naitirojin ce, amma ba ya iya amfani da ita a wannan siffa. Sai ta shiga cikin wani haɗi mai narkewa a ruwa sannan saiwa ke iya tsotsarta. Wannan ne ya sa manomi ke sayen buhun yuriya, wanda kashi 46 cikin ɗari na nauyinsa naitirojin ne.

Shi kuwa kifi, abincinsa cike yake da furotin, furotin kuma na ɗauke da naitirojin. Bayan jikinsa ya ɗauki abin da yake so, sai ya fitar da ragowar a matsayin amoniya. Mutane da yawa na zaton ta kashi take fita, alhali mafi yawanta na fita ne ta gaɓoɓin numfashin da ke gefen kansa biyu. A cikin madatsa mai faɗi kamar ta Mairuwa, amoniyar na bajewa ba ta cutar da kowa. A cikin akwatin gilashi kuwa, taruwa take yi har ta zama guba. Dafinta na ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi, ko kuma ya karkata zuwa ɓangaren kanwa.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

A nan ne muhimmin ɓangaren darasin yake. Tsakanin kifi da tsiro akwai wasu ƙananan halittu da ake kira bakteriya, waɗanda ke manne a jikin tsakuwa da gilashi da saiwa. Ba masu kawo cuta ba ne. Rukuni na farko, wanda fitaccensu shi ne Nitrosomonas, yana juya amoniya ta koma naitirayit. Sai dai naitirayit ma guba ce, domin tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa, a ga kifi yana tasowa sama yana haki ko da ruwan na da isasshiyar iska. Rukuni na biyu, wato Nitrobacter da Nitrospira, shi ke karɓar naitirayit ya mayar da ita naitiret. Naitiret ba ta cika damun kifi ba sai ta yi yawa ƙwarai, kuma ita ce ainihin abin da saiwa ke nema. Tsiro ya tsotse ta, ruwa ya koma wa kifi a tsabtace, zagayen ya sake farawa.

Wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Sergei Winogradsky ne ya ware waɗannan halittu a ɗakin bincike wajen shekarar 1890, ya kuma nuna cewa daga wannan juye-juyen sinadarai suke samun kuzarin rayuwa. Aikin da suke yi a akwatin gilashi shi ne dai suke yi a gonar da shanun Fulani suka kwana a cikinta. Takin gida ma ba ya amfanar dawa yadda ya kamata sai ya bi ta hannunsu, shi ya sa manomi ke cewa a bar taki ya ruɓe tukuna.

Haɗa kiwon kifi da noma tsohon abu ne. Manoman Sin sun daɗe suna sakin kifi a gonakin shinkafa. A zamanin nan kuma, James Rakocy da abokan aikinsa a Jami'ar Tsibiran Virgin ta Amurka sun shafe shekaru tun daga wajen 1980 suna gwada kiwon karfasa tare da noman latas a ruwa guda, ba tare da ƙasa ba. Ana kiran tsarin akwafonik.

Batun tabar wiwi

Ɗaliban da ke leƙa intanet za su iya cin karo da hotunan wasu Turawa da ke shuka tabar wiwi a gida da ruwan akwatin kifi, ana nuna abin tamkar wata sabuwar hikima. Ya kamata malami ya amsa tambaya kan wannan kai tsaye idan ta taso. Ta fuskar kimiyya babu wani sirri a ciki, naitiret ɗin da ke ciyar da alayyafo ita ce ke ciyar da kowane tsiro. Ta fuskar doka kuwa akwai bambanci babba. Ƙasashe ƙalilan, kamar Yurugwai a 2013 da Kanada a 2018, sun halatta ta bisa sharuɗɗa. A Nijeriya dokar soja ta 1966 ta haramta shuka ta tare da tanadin hukunci mai tsanani, an kuma kafa hukumar NDLEA a 1989 domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Shukar da aka yi a ɗaki laifi ce daidai da wadda aka yi a daji. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a ƙasar. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma likitoci sun danganta yawan shan wiwi tun ana ƙuruciya da raunin riƙe karatu da ƙarin haɗarin taɓin hankali. Tsabtar ruwan da aka shuka ta da shi ba ta rage ko ɗaya daga cikin wannan.

Yadda za a gwada a makaranta

Ana bukatar akwatin gilashi ko babbar roba mai cin lita 100, da ƙaramin baho da aka huda ƙasansa aka cika da wankakkiyar tsakuwa, da ƙaramin famfo mai tura ruwa. A ɗora bahon a saman akwatin, famfo ya riƙa kai ruwa cikin tsakuwa, ruwan ya tsiyayo ya koma wurin kifi. Inda babu wutar lantarki, ƙaramin faifan sola zai iya tafiyar da famfon. Idan wannan ma ya gagara, ɗalibai su riƙa ɗiban ruwan da kwano suna zubawa sau da yawa a rana, muddin kifin kaɗan ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Sabon akwati ba shi da bakteriya, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Wanda ya zuba kifi ashirin a ranar farko zai kwashe gawarsu kafin mako ya zagayo. A fara da 'ya'yan karfasa ko tarwaɗa biyar ko shida, a ba su abincin da za su cinye cikin minti biyar, a cire duk abin da ya rage. Ana iya gajarta jiran ta hanyar ɗebo 'yar tsakuwa daga tsohon tafkin kiwon kifi mai lafiya, domin tana tafe da ma'aikatanta. Ruwan famfo da aka sa wa sinadarin kulorin yana kashe bakteriyar, saboda haka a bar shi a buɗe ya kwana biyu kafin a zuba. Haka kuma kada a wanke tsakuwar da sabulu.

Yanayi ma na da tasiri. Lita ɗaya ta ruwa na riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a zafin digiri 20, amma a digiri 30 ba ya wuce 7.5. Ke nan a bazara, lokacin da kifi da bakteriya suka fi cin iska, a lokacin ne ruwan ya fi ƙarancinta. A ajiye akwatin a inuwa, ganye kaɗai ya sami rana. Yin haka na hana gansakuka mamaye ruwan. Da hunturu kuwa karfasa kan rage cin abinci, sai takin ma ya ragu.

Alayyafo da latas da ɗoɗɗoya da na'ana'a su ne suka fi dacewa da farawa. Tumatir ya fi su ci, yana son sinadarin fotasiyam da kalsiyam fiye da abin da 'yan kifi kaɗan za su iya bayarwa. Idan sabon ganye ya fito rawaya amma jijiyoyinsa kore, to ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, ba na naitirojin ba.

Tsari irin wannan ba zai maye gurbin gonar masara ba, kuma wanda ya ce zai yi ya zarce gaskiya. Amma a yankin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda matsalar tsaro ta shekarun nan ta hana manoma da dama isa gonakinsu na nesa, sanin yadda ake samar da ganyen miya a tsakar gida da ruwa kaɗan abu ne mai amfani. Domin auna sakamako, a shuka alayyafo iri ɗaya a baho biyu na tsakuwa, ɗaya ana ba shi ruwan kifi, ɗaya ruwan rijiya zalla. Kowace Litinin ɗalibai su auna tsawon tsirrai da rula, su ƙirga ganye, su rubuta launinsa a littafi, har tsawon mako takwas.